Azumin da Muka Yi Birnin Layi

Azumin bana ya zo da zafi. Ranar goma ga wata na bi ta Sharada da azahar zan duba wani ɗan'uwa, sai hucin da ke tasowa daga kwanon tsofaffin kamfanonin nan ya buge ni a fuska, da warin ƙarfe da tsohon man inji. Da na dawo gida na tarar da jikokina sun haɗa kai a kan waya suna kallon wani shiri na ƙasar waje, wai duniya ta lalace, mutane sun koma zama a ƙarƙashin ƙasa, amma kuma abin dariya ne. Suna ta ƙyalƙyalawa da bakin azumi. Na zauna a tabarma ina fifita, hankalina ya koma shekara arba'in baya, lokacin da mu ma muka yi irin wannan shiri a cikin siton auduga, da yunwa a cikinmu.

A lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharada, ina kula da injunan saƙa. Na shiga aikin ne ana cikin daɗi. Jiniya za ta yi kuka da asuba, ka ga kekuna sun cika titi, masu koko da ƙosai sun jeru a bakin ƙofa, inji ba ya hutawa dare da rana. Sai abubuwa suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Rini ya daina zuwa daga waje, kayan gyara suka yanke, zare ya yi wuya. Aka rage aikinmu na karɓa-karɓa daga kashi uku a rana zuwa kashi ɗaya, daga baya aka ce kowa ya tafi hutun dole, ya riƙa leƙowa ranar Litinin ko an liƙa sanarwa.

Ga shi damina ta gaza shekara biyu a jere. Mahaifina da ke ƙauyenmu wajen Ringim, wanda duk kaka yake aiko min da gero, a shekarar shi ne ya aiko yana tambaya ko da abin da zan iya turawa.

Matata Saude ita ta riƙe gidan. Shinkafa ta fara cirewa, sannan nama, sannan sukari. Tuwon jar dawa da miyar kuka ya zama na kullum, ranar da babu kuma a jiƙa garin rogo da ƙuli. Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka bokitanta biyu kullum suna can a jere da na maƙwabta suna jira. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a gaban 'ya'yanmu uku ba. In ta zuba musu abinci sai ta ce ita ta ci a wajen tuƙi.

Kayan masarufi kuwa, madara da sabulu da sukari, sai a wasu kantuna na gwamnati, kuma sai ka bi layi. Zamanin soja ne, da bulala ake tsare layin. Kana iya wuni a rana ka zo kusa da taga a ce ya ƙare.

A irin wannan layin nake tare da Malam Isuhu ranar da abin ya faro. Malam Isuhu mutumin wani ƙauye ne kusa da Damagaram, shi ke zuba wa injunanmu mai. Dogo ne siriri, ya girme ni da kusan shekara goma, iyalinsa suna can gida, shi yana nan Kano shekara goma sha biyar. Abin da ya bambanta shi da kowa, zai faɗi maganar da za ta kayar da mutum don dariya, fuskarsa kuwa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Mutumin da ke gabanmu ya ajiye dutse a wurinsa ya tafi sallar azahar. Haka ake yi, layin rabinsa mutane ne, rabinsa duwatsu da takalma da kwanuka. Malam Isuhu ya dubi dutsen nan, ya ɗan rusuna.

"Barka da rana, Alhaji. Ya iyali?"

Da layi ya motsa, sai ya sa hannu biyu ya ɗauki dutsen ya matsar da shi gaba a hankali, ya juyo ya ce da ni, "Alhaji ba shi son magana, amma mutumin kirki ne. Tun safe bai tsallake kowa ba."

Mutanen da suka wuni ba su yi murmushi ba suka fashe da dariya. Har sojan da ke tsaye ya juya mana baya, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Ni ne sakataren ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikatanmu, wadda ke yin wasa sau ɗaya a shekara in za a tafi hutu. Da na koma gida ban samu sukarin ba, amma na ɗauko tsofaffin takardun da ake liƙa wa bandir na fara rubutu a bayansu. Na ƙirƙiri wani gari na shekara ɗari nan gaba, inda babu gona babu kasuwa, sai layi guda ɗaya da ya zagaye garin. A layin ake haihuwar mutum, a nan yake aure, a nan yake tsufa. Ruwan sama da kati ake raba shi. Inuwa tana da jami'i mai auna ta da igiya. Dariya sai da lasisi. Babu wanda ya san abin da ake bayarwa a tagar da ke gaba, amma barin layi laifi ne babba. Na sa masa suna Birnin Layi, na ba Malam Isuhu matsayin Sarkin Layi, mai tsare tsari da raba lamba.

Mun riƙa gwaji a ɗakin cin abincin kamfani ranar Litinin, tunda ba abin da ake dafawa a ciki. Ba don kowa muke yi ba, don dai kada mu koma gida da wuri mu zauna muna kallon tukunya. Wata Litinin wata mata mai suna Hajiya Talatu, mai shirya shirye-shirye a wani gidan talabijin, ta zo da mai kyamara za ta ɗauki hoton injunan da suka yi shiru. Ta ji hayaniya ta leƙo. Ta tsaya a bakin ƙofa har muka gama, sannan ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

"Za ka iya rubuta kashi goma sha uku?"

Ban san ko zan iya ba, amma na ce mata har ashirin.

Manajanmu ya ba mu aron wani sito a Challawa, wanda da auduga ke cika shi har rufi, yanzu ba komai sai tantabaru. A nan muka gina garinmu da kwalaye da tsofaffin ganguna. Ma'aikata kusan talatin suka zama mutanen layi, kuma ba sai an yi wa kowa kwalliyar wahala ba, Hajiya ta ce mu zo yadda muke. Ɗan abin da gidan talabijin ke ba mu bai taka kara ya karya ba, amma ya mayar da manja cikin miyar Saude.

Duk Alhamis bayan isha'i ake nuna shi. Talabijin ɗaya ce a layinmu, ta wani direban tirela, yakan fito da ita ƙofar gida ya ɗora a kan benci. Kashi na uku shi ya fito da mu. A cikinsa wani tsoho ya mutu a tsaye, 'ya'yansa suka tokare shi da sanda ta baya don kada lambar gidansu ta faɗi, suna amsa masa gaisuwa. Sarkin Layi ya zo zagaye, ya dube shi, ya ba shi kyautar ɗan layi mafi ladabi na shekara. Na ga mutane suna dariya har da hawaye, na kuma ga wata tsohuwa da hawayen kaɗai take yi. Washegari duk inda Malam Isuhu ya bi sai ka ji ana "Ranka ya daɗe, Sarki, lamba ta nawa nake?"

Sai aka kira mu wani ofis na gwamnati. Ni da Hajiya muka tafi, na yi sallama da Saude kamar mai tafiya mai nisa. Wani hafsan soja ya bar mu a tsaye yana duba takardu, can ya ɗago.

"Ku ne masu Birnin Layi?"

Hajiya ta ce, "Mu ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. Irin abin da muke so ke nan. Ku ci gaba da nuna wa jama'a muhimmancin bin layi. Wancan tsohon ma da ya mutu bai bar wurinsa ba, darasi ne."

Muka fita daga harabar, muka tsallaka titi. A nan Hajiya ta dafa wata bishiya ta yi dariya har gyalenta ya zame. Har yau ban sani ba ko da gaske mutumin bai gane ba, ko kuwa ya gane ya zaɓi ya bar mu.

Muna kashi na takwas aka yi sanarwa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar kafin wani wa'adi. Malam Isuhu bai taɓa riƙe takarda ba. Da ƙafa ya shigo Kano yana saurayi, lokacin da ba mai tambaya. Abokansa 'yan Nijar da ke Dakata da Bompai suka fara ɗaure kaya. Wasu kuma suka lafe a cikin gari, tunda ba mai bambanta su da mu. Shi kuwa ba halin lafewa, fuskarsa ta shiga kowace unguwa, kuma duk wanda ya ji Hausarsa ya san daga inda ya fito.

Na same shi a ɗakinsa yana ninke tabarma. Na ce, "Malam, ka tafi cikin mutane tun ana bari a wuce da kaya. Zan kashe Sarkin Layi a rubutu, shi ke nan."

Ya ce, "Sakatare, mutum talatin ke ci da wannan wasa. In Sarki ya mutu a na takwas, wa za ya kalli na tara?"

"In aka kama ka fa?"

"Gida za su kai ni. Can dai za ni. Sai dai in tafi ba tabarma."

Na ɗauki tabarmar na ɗora a kekena. Daga ranar ya koma zauren gidana. Saude ta dai ƙara ruwa a kunu.

Wa'adi ya wuce, azumi ya kama. Ban taɓa ganin zafi irin na shekarar ba. Sama fari fat, ba gajimare ko ɗaya. Sahur ɗinmu ɗumamen tuwo ne da ruwan randa, mu sha har ciki ya yi ƙara. Da an yi asuba mu hau keke, ni ina tuƙi shi yana baya ya rufe fuska da rawani, mu bi ta bayan gonaki zuwa Challawa don mu kauce wa shingen titi. Gonakin duk an share su an yi huɗa tun tuni, suna kwance suna jiran ruwa, manoma na zaune a gindin bishiya suna kallon gabas.

Cikin siton kuwa, kafin hantsi kwanon ya ɗau wuta. Ga fitilun ɗaukar hoto a kanmu. Leɓe ya bushe har magana ta riƙa maƙalewa, Hajiya ta ce a sake, mu sake. Mutum biyu sun faɗi a layin wasa, faɗuwa ta gaske, aka ja su inuwa aka jiƙa musu riga. Da la'asar mu tashi, kowa ya ja jiki gida. Yanzu ina ganin yara da ƙanƙara da lemo iri-iri a faranti tun kafin a kira salla. Mu kunun tsamiya ne ba sukari, da ƙosai in an samu wake. Saude takan naɗe tulu da jiƙaƙƙen buhu tun azahar, ta ajiye a lungun da iska ke bi. Kofin farko na Malam Isuhu ne. Yakan riƙe shi da hannu biyu ya ce, "Uwar gida, Allah shi ba ki aljanna ba layi."

Ranar ashirin ga azumi muna ɗaukar kashi na goma sha ɗaya. A labarin, Sarkin Layi ya yi ƙaryar mutuwa don ya ji abin da talakawansa za su faɗa, an naɗe shi a likkafani an sa a makara. Muna cikin haka wata mota ta tsaya a ƙofar sito, jami'an shige da fice uku masu kaki suka shigo. Babbansu mai furfura ya ce, "Ina Isuhu?"

Hajiya Talatu ta cire abin sauraren da ke kunnenta, ta nuna makara.

"Ga shi nan kwance. Da azumi a bakina ba zan yi muku ƙarya ba."

Mutumin ya taka har gaban makarar ya tsaya. Ya daɗe yana kallon likkafanin da gumi ya jiƙe.

"An kawo mana sunanka sau uku," in ji shi. "Na san garinku, na san ba ka da takarda." Ya juya wajen Hajiya. "Saura kashi nawa?"

"Biyu bayan wannan."

"Mahaifiyata ba ta tashi daga gado, ranar Alhamis kaɗai take cewa a zaunar da ita. Ku gama kafin Salla. Bayan Salla in na gan shi a Kano, aikina zan yi." Ya ɗan sunkuya. "Kai kuma Sarki, me ke bayan tagar nan?"

Daga cikin likkafani muryar Malam Isuhu ta fito. "Ranka shi daɗe, ni na mutu. Tambayi Sakatare."

Jami'in ya yi murmushi ya fita. Muka buɗe likkafanin. Malam Isuhu ya tashi zaune ya share gumi, sannan ya ce a mayar da shi a ci gaba.

Kashi na ƙarshe mun ɗauke shi saura kwana uku Salla. Na rubuta cewa layi ya kai wani bawan Allah gaban taga bayan shekara arba'in. Ya leƙa, ba kowa a ciki, ba kaya, sai kujera ɗaya. Don gajiya ya zagaya ya zauna a kanta. Na bayansa ya matso ya miƙo kati, shi kuma ya dube shi ya ce, "Ya ƙare, ku dawo gobe." Sarkin Layi ya busa usur, kowa ya gyara tsayuwa.

Muna shirin ɗaukar wannan wurin, wajen la'asar, sai haske ya canja. Iska ta taso ta gabas tana kaɗa ƙofar sito, tantabaru suka tashi. Sai muka ji ɗigo ɗaya a kwano, sai na biyu, sai kamar an juye tsakuwa. Mai ɗaukar sauti ya ɗaga hannu ya ce ba ya jin komai. Ba wanda ya jira izini. Muka fita da gudu, mu talatin da kayan wasa a jiki, muka tsaya a fili ruwa na dukanmu, kowa ya damƙe bakinsa gam saboda azumi. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Can nesa muna hango manoman Challawa sun fito da ƙwaryar iri, ba su ma jira ya ɗauke ba. Malam Isuhu ya ɗaga fuska sama idonsa a rufe, ya ce da ni, "In ya kai wajenmu, gobe sai shuka. Ga shi ba ni can."

Da ruwan ya tsagaita muka koma muka ƙarasa a jiƙe. Sau ɗaya aka ɗauka.

Washegarin Salla na raka shi tasha. Saude ta ɗaure masa dambu da ƙuli a ƙyalle. Bai ga kashi na ƙarshe ba, yana hanya aka nuna.

Masaƙarmu ta buɗe bayan wata biyar da mutane kaɗan, ba a kira ni ba. Na samu aiki a wani kamfanin roba a Bompai, a can na ƙare. Da na je gidan talabijin neman a sake nuna shirin, Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce kaset ya yi musu wuya, an ɗauki wasu shirye-shirye a kan namu. Ko kashi ɗaya bai tsira ba.

Bayan shekara huɗu, da na samu hali, na shirya na je ƙauyensu da kaka. Na same shi a masussuka, ya ƙara baƙi, ya yi ƙiba kaɗan. Ya riƙe hannuna bai saki ba har gindin wata tsamiya inda dattawan garin ke zama. Ko ruwa bai bari na sha ba.

"Ga Sakatare," in ji shi. "Shekara huɗu ina gaya muku na yi sarauta a Kano cikin akwatin talabijin, kuna cewa rana ce ta taɓa ni. Ku tambaye shi."

Na ce musu gaskiya ne, duk Kano ta san shi. Wani tsoho mai carbi ya ce, "To baƙo, ina shaida?"

Ba mu da hoto, ba mu da takarda. Malam Isuhu ya dube ni, na dube shi. Na ɗauko sandar tsohon na tokara a bayana, na sandare na kafe ido. Shi kuma ya gyara hula, ya goya hannu a baya, ya fara zagaya ni yana yabon ladabina.

Matan da ke sheƙa suka ajiye ƙwarya suka matso. Kafin mu kai ƙarshe, tsohon mai carbi ya kwanta a gefe yana riƙe da ciki yana roƙon mu dakata ya yi numfashi. Da ya samu kansa ya share ido, ya ce a shimfiɗa wa Sarki buzu, a kawo wa baƙonsa fura.